Ba Ki Kashe Ko Dala Ba, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, a makwancinta na bayan kwalta.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar ƴa ga uwa, gwiwa biyu a ƙasa kamar yadda kika koya mini, tare da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima. Mu nan Difa muna lafiya, gwargwadon yadda zamani ya bari. Na san da kina raye za ki ce me ya hana in yi miki magana da Barbarci. Ki yi haƙuri, Barbarcina a baki yake, bai taɓa hawa takarda ba. Masu bin rubutuna a waya ma za su leƙo su karanta. Su karanta ɗin, amma da ke nake.

Yau Litinin. Bayan azahar muna da taro a biro, wato ofishinmu, kuma tun da na sallame sallar asuba na kasa zama wuri ɗaya. Na share ɗaki sau biyu. Na dafa shayi na manta da shi har ya huce. Na yi kuskure a wurin aiki, Inna, a kan kalma ɗaya tak, kuma ba wanda ya sani sai ni. Ranar Alhamis takardunmu za su tafi Yamai wurin kwamitin da ke ba da izinin bincike, in sun tafi kuwa an rufe ke nan, ba a sake taɓa ko wasali. Ko in buɗe baki yau, ko kuskuren ya tafi da su.

Bari in faɗa miki aikin tukuna, don kin tafi ban fara shi ba. Na gama karatun jinya a Damagaram, na dawo gida, yanzu ina cikin masu shirya wani gwaji a kan hawan jini, ciwon nan naki da kike ce wa tansiyo. Maganin dai shi ne wanda kika sani. Abin da za mu gwada shi ne yadda zai isa hannun mai shi. A wasu zangunan ƴan gudun hijira, mara lafiya zai riƙa zuwa gidan likita duk wata ya karɓa, kamar yadda ake yi yanzu. A wasu kuma za a horar da mace ɗaya daga cikinsu, a ba ta abin awon jini, ta riƙa kai wa mutane magani har ƙofar rumfa. Ba mu za mu zaɓi wa zai samu wanne ba. Za a rubuta sunayen zanguna a nannaɗe, a zuba a ƙwarya, a ɗebo a gaban bulamomi, shugabannin zangunan, don kada gobe a ce mun yi son kai.

Bayan shekara sai a duba jinin su wa ya fi sauka. Amma ba a nan za a tsaya ba, sai an duba kuma kowace hanya nawa ta ci. Ke ce za ki fi kowa gane wannan. Kin tuna shekarar da aka kawo miki sabon irin tattasai, kika ƙi yarda da bakin mai shi, kika shuka shi a fangali ɗaya, naki na gado a fangalin da ke kusa, ruwa ɗaya, taki ɗaya? Sabon ya fi cika buhu, amma kika ce ya fi shan ruwa, kuma esansi, man injin ban ruwa, ba kogin Komadugu ke kawo shi ba. Kika koma wa naki. To aikinmu ke nan, sai dai mu da takardu da kwamfuta muke yi.

Akwai wata mata da aka turo mana daga Yamai don wannan lissafin. Madam muke ce mata. Mace ce da ko sukarin shayin biro ya ragu sai ta san cokali nawa ya tafi. Ita ta rubuta tambayoyin da za a yi wa marasa lafiya da Faransanci, ni kuma aka ba ni in mayar da su Hausa, tun da Hausar ce kowa ke ɗan ji, Babarbare da Bafillace da Batube da mutanen hayin kogi. Tambaya ta tara tana son sanin abin da zuwa karɓar magani ke jawo wa mutum na ɗawainiya. Ban ko tsaya tunani ba na rubuta: nawa kika kashe? Har ina jin daɗin yadda ta fito gajera.

Muka fita gwada takardar. Mun je zangunan bakin kwalta, mun je Sayam, wani abokin aikinmu ya kai ta har Yebi. Kusan duk matar da aka tambaya amsa ɗaya take bayarwa: ba ta kashe komi ba, magani kyauta ne, Allah Ya saka wa masu bayarwa. Muka yi ta rubuta sifili. Madam ta dubi jerin ta ce ita sifili mai tsabta haka bai kwanta mata ba, amma tun da bakin masu shi ne, ba ta da ta cewa.

Ki ga inda abin zai kai mu. Hanyar kai magani gida komi nata a fili yake: ladan matar da za ta riƙa yawo, kuɗin abin awo, batir, horo, kowanne da rasit ɗinsa. Hanyar zo-ki-karɓa kuwa, in mun yarda da sifilin nan, ba ta cin komi sai kuɗin ƙwayar. A takarda ta ci gasa tun ba a fara ba. Kuma manyan da za su karanta sakamakon ba su taɓa taka yashin Sayam ba, abin da takarda ta faɗa shi za su bi, su ce a ci gaba da yadda ake.

A Sayam ne ido na ya fara buɗewa, ran Laraba da ta wuce. Wata dattijuwa ce daga hayin kogi, cikin waɗanda suka tsallako daga Najeriya. Na tambaye ta, ta ce, “Ko kwabo ban kashe ba, ƴata, firi ne.” Na rubuta sifili. Da ta miƙe za ta tafi sai ta ce in yi mata afuwa tana sauri, za ta je ta auna wa mai jaki kwano ɗaya daga cikin hatsin rabo, ta kuma auna wa maƙwabciyar da ta riƙe mata jikoki. Ta faɗa haka kawai tana gyara mayafi, ba don ni ba. Na bi ta da kallo, alƙalami a hannu.

Ba ƙarya ta yi mini ba. Kashewa a wurinmu ta kuɗi ce, takarda ko ƙarfe, wanda ya fita daga habar zane. Hatsi ba a kashe shi, ba da shi ake yi. Wuni ba a kashe shi a kan magani, tafiya kawai yake yi. Ni da aka haifa a bakin Komadugu na san wannan tun kafin in san harafin farko, amma na zauna a gaban kwamfuta na manta.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na san muryar. A mota muna dawowa na yi ta juya ta a kaina har na gano inda na taɓa jin ta. A bakinki ne, Inna.

Kin tuna shekarar da aka ce kowa ya tashi daga bakin kogi. Ina Damagaram ina shekarar farko ta karatu. Kuka bar injin, kuka bar tattasai yana ja a gona ba mai tsinka, kuka zo kuka kafa rumfunan zana nesa kaɗan da kwalta. An hana hawa babur a duk jihar, kabu-kabun da ke kai mutum gari cikin ɗan lokaci ya zama labari. A wannan shekarar ce majo na gidan likita ya auna ki ya ce jininki ya hau, sai kin riƙa zuwa Difa duk wata.

Duk Juma'a ina sayen kati in kira wayar Ya Falmata, aminiyarki da rumfarta ke jikin taki, ta miƙa miki. Tambayata ba ta canzawa: kina shan magani, kina da kuɗin zuwa? Amsarki ma ba ta canzawa. Da Hausarki ta kasuwa da ba ta raba mace da namiji, wadda muke yi miki dariya a kanta tun muna yara, sai ki ce, “Kai dai ka yi karatunka. Magani kyauta ne, ban kashe ko dala ba.” Sai in ji sanyi a raina, in koma ba ki labarin malamai da tsadar Damagaram. Na ɗauka ni ƴar kirki ce, mai kula da uwarta.

Daga baya aka kira ni ranar da ba Juma'a ba. Kin faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinki ya shanye. Kafin motar Damagaram ta wuce shingayen sojoji ta iso, an riga an kai ki. Da aka share makoki Ya Falmata ta damƙa mini wani ƙullin tsumma, ta ce kin ce a ba ni. Na kwance na ga irin tattasai ne, bai fi cikin tafin hannu ba. Na ɗauka abin tunawa ne kika bar mini. Na sa shi a ƙasan akwati, ban tambayi komi ba. Rashin tambaya dai, kin gani, tsohon halina ne.

Ran Juma'ar nan da ta wuce na je wurin Ya Falmata. Tana nan a zangon, ta tsufa, ido ya yi rauni, amma bakin na nan yadda kika bar shi. Ta yi mini faɗan rashin zumunci har ta gaji, sannan na tambaye ta yadda kike zuwa gari a wancan lokacin. Ta ce ashe sai yanzu.

Ta ce ranar da kuka gudu, kowa ya ɗauki abin da yake ganin shi ne dukiya, ke kuwa tukunyar iri kika ɗora a kai. Irin nan naki da kika gada wurin kaka, mai kaurin tsoka, wanda kike zaɓa da hannunki duk shekara daga ƴaƴan da suka fi kyau. Kin ce duk ranar da aka buɗe bakin kogi, da shi za ki koma.

Ta ce akwai wani mai amalanken shanu da ke kwasar mutane zuwa gari ranar kasuwa. Yana da ɗan lambu a gefen Difa, kuma ya san sunan irinki, don duk kwarin an san shi. Ba ki da kuɗin ba shi, sai kuka daidaita: duk tafiya, cikin hannu biyu na iri. Haka kika yi ta zuwa wata bayan wata, ki fita da hantsi, ki bi layi, ki dawo rana ta yi sanyi, tukunya tana raguwa. Da ya rage saura na ƙullin nan sai kika daina zuwa. Ya Falmata ta ce ta yi miki magana, kika ce, “In na ba shi wannan, da me zan koma gida?” Ta ce ta so ta faɗa mini a waya, kika rantsar da ita, wai kada a raba mini hankali ina tsakiyar jarrabawa. Wata uku kika yi ba magani, ni kuma duk Juma'a ina kira, kina ce mini ba ki kashe ko dala ba.

Na ji haushinki, Inna, ba zan ɓoye ba. A hanyar dawowa har magana nake yi ni kaɗai, ina yi miki faɗa. Wane irin taurin kai ne wannan? Iri ya fi ranki ne? Amma kafin in iso gida haushin ya juyo kaina, don ke ba ki taɓa yi mini ƙarya ba. Abin da na tambaya shi kika amsa.

Shi ya sa na kasa zama yau. In na yi magana, na tona wa kaina asiri a gaban Lokotoro, shugaban binciken, mutumin da ya ɗauke ni aiki don na ce masa na san mutanen nan ciki da waje. Fitar da muka yi duka ta tashi a banza, da man mota da ladan mutane da izinin hanya da aka sha wuya kafin a samu. Kwangilata ta wata shida-shida ce, kuma ƙannena biyu a hannuna suke ci. In na yi shiru ba mai kama ni, sifili ba ya kai ƙara. Tun jiya nake auna wannan, na tashi na zauna, na ɗauko ƙullin daga akwati na mayar, na sake ɗaukowa. Yanzu yana cikin jakata. An kira azahar, bari in tashi.

Na dawo, Inna. La'asar ta wuce, kowa ya watse, ni kaɗai ce a biro.

Na faɗa. Ban faɗa da kyau ba, na fara daga tsakiya na koma farko. Na ce tambaya ta tara ni na ɓata ta, na ba su labarin dattijuwar Sayam. Lokotoro ya cire tabarau ya aje, wanda duk mun san ba alamar alheri ba ce. Ya ce labarin mace ɗaya ba ya rushe takardun da aka cika da yawa. Sai na ga hannuna ya shiga jaka da kansa. Na aje ƙullin a kan tebur, na kwance, na ce ga ta biyu, kuma wannan uwata ce. Na faɗa musu komi, har wata ukun.

Ƙamshin nan na busasshen tattasai ya ɗan tashi, har wani ya yi atishawa, ya ba da haƙuri kamar ya yi laifi.

Lokotoro bai yafe mini a take ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ya ce za a rubuta a rahoto cewa fassarar farko ta samu matsala, kowa kuma ya san mai fassarar. Ya ce Alhamis ba ta matsawa, in muka wuce ta sai zaman kwamiti na gaba, kuma kafin nan Allah kaɗai Ya san zango nawa za su sake tashi su watse. Kwana biyu ya ba ni, gobe da jibi. In koma bakin kwalta da Sayam, in hanya ta buɗe, in gwada sabuwar tambaya. In ta fito da abin da nake cewa, ita za ta tafi Yamai. Maganar kwangilata kuma ya ce sai bayan nan.

Mun zauna da Madam mun sake gina tambayar. Yanzu ba nawa kika kashe ba ce. Za mu ce: me tafiyar ta ci miki? Sannan a bi ta a hankali, wa ya kawo ki, me kika ba shi, wa kika bar wa yara, wane aiki ya kwana don kin zo, akwai abin da kika rabu da shi. Na ce a ƙara ɗaya: akwai watan da kika fasa zuwa, me ya hana ki? Madam ta ce wannan ba ta lissafin tsada ba ce, amma ta rubuta ta da hannunta. Gobe da safe zan karanta wa Ya Falmata su da Hausa da Barbarci kafin kowa, in ta ce ba haka ake faɗa ba, a gyara.

Saura abu ɗaya, shi ne ya hana ni tafiya gida. Madam mutuniyar kirki ce, amma aikinta aikinta ne. Ta ce duk abin da aka bayar a madadin kuɗi sai an mayar da shi kuɗi kafin ya shiga lissafi, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a tambayi nawa mai amalanke ke karɓa a hannun wanda ya biya da kuɗi. Ta nemi izinina ta gwada da naki, don ta ga ko tsarin zai yi aiki. Direbanmu ɗan nan ne, ya san farashin wancan lokacin, ya faɗa mata. Ta rubuta a gefen takarda ta turo mini.

Inna, kuɗin zuwa da dawowarki na wata guda bai kai katin da nake sa wa waya a Juma'a ɗaya ba. Katin da nake kiran ki da shi in tambaye ki ko kina shan magani.

Na daɗe ina kallon lambar. Madam ta ga fuskata ta janye takardar, ta ce in yi haƙuri, ba ta sani ba. Na ce ta bar ta, lissafinta daidai ne. Da na yi kira uku a wata maimakon huɗu, na aika wa Ya Falmata na huɗun, da tukunyarki ba ta taɓu ba. Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, ba na jayayya da hukuncin Allah. Amma ina kewarki, kuma ina jin kunyarki, kuma yau duka biyun sun taru mini wuri ɗaya.

Ya Falmata ta ce irin ya tsufa, da wuya ya tsiro. Ban gwada ba tukuna, ina tsoron in gwada. Gobe dai zai bi ni a jaka zuwa bakin kwalta. Duk matar da ta ce mini ba ta kashe komi ba, zan gyara zama a kan tabarmarta, in aje alƙalami, in sake tambaya, ba zan tashi ba sai ta gaya mini abin da ke raguwa a tukunyarta.

Ke ce ya kamata in fara yi wa, ga shi na makara da shekaru. Amma bari in yi ko sau ɗaya, yadda ya dace: Inna, me tafiyar ta ci miki?

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki, Ya yalwata makwancinki, Ya sanyaya shi kamar bakin kogi da safe. Allah Ya karɓi wahalar hanyar nan da kika sha ta zama kankarar zunubi. Ya mayar da mutanenmu gonakinsu lafiya, Ya buɗe mana hanyar Sayam gobe, Ya sa matan nan su amsa mini. Ni kuma ki yafe mini, kamar yadda na san kin riga kin yi tun ban roƙa ba.

Wassalam.

Ƴarki Yagana,
wadda har kika koma ga Allah “kai” kike ce mata.